Tambayoyi da Amsoshi Kan Sanya wa Ƙwayoyin Cuta Alamar Furotin Mai Ƙyalli

Ɗaliban nazarin ƙananan halittu da na likitancin dabbobi a Jos, da ma'aikatan ɗakunan gwaji da ke tsakanin Jos da Vom, suna yawan cin karo da hotunan bakteriya kore shar ko ja wur a mujallun kimiyya, kuma tambayoyin da suke yi a kan waɗannan hotuna kusan iri ɗaya ne. Ga su nan tare da amsoshinsu.

Mene ne furotin mai ƙyalli, kuma daga ina aka samo shi?

Furotin ne wanda idan aka haska shi da haske mai wani launi, sai ya sha hasken ya mayar da wani mai launi dabam. Wanda ya fi shahara shi ne GFP, da ake haskawa da shuɗin haske ya mayar da kore. Osamu Shimomura, masani ɗan ƙasar Japan da ke aiki a Jami'ar Princeton ta Amurka, shi ya fara ba da labarinsa a 1962, bayan ya tace shi daga jikin wata halittar teku mai taushin jiki mara ƙashi da ake kira Aequorea victoria. An shafe shekara 30 kafin Douglas Prasher ya ware umarnin gadon da ke ƙera furotin ɗin a 1992, sannan a 1994 Martin Chalfie na Jami'ar Columbia ya nuna cewa idan aka sanya wannan umarni cikin bakteriyar E. coli ko cikin wata 'yar tsutsa, su ma sai su yi kore. Roger Tsien ya sauya wasu sassan furotin ɗin ya ƙara masa haske, ya kuma samar da wasu launuka. Shimomura da Chalfie da Tsien su ne suka karɓi kyautar Nobel ta fannin kemistiri a 2008.

Abin da ya sa furotin ɗin ya zama abin nema shi ne ba ya buƙatar a ƙara masa wani sinadari daga waje. Jerin amino asid 238 ne, wato tubalan da ake gina furotin da su, da ke naɗe kansa ya zama siffar ganga, kuma uku daga cikinsu, na 65 da na 66 da na 67, su ne ke haɗuwa a tsakiyar gangar su zama cibiyar da ke fitar da haske. Iskar oksijin kaɗai yake bukata domin wannan haɗuwa ta kammala, kuma wannan sharaɗi zai sake tasowa a ƙasa, domin yana daga cikin abubuwan da suka fi yaudarar mai bincike.

Ta yaya ake sa bakteriya ta ɗauki alamar?

Ba furotin ɗin ake zuba mata ba, umarnin ƙera shi ake ba ta, ita kuma ta riƙa ƙerawa da kanta tana gadar wa 'ya'yanta duk lokacin da ta rabu biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora umarnin a kan wani ɗan zoben DNA da ake kira filasmid, a tura shi cikin bakteriyar ta hanyar bugun lantarki na ɗan ƙanƙanin lokaci, ko ta hanyar jiƙa ta da gishirin kalsiyam a dumama ta farat ɗaya, ko kuma a bar wata bakteriya ta miƙa mata. Galibi filasmid ɗin yana ɗauke da umarnin jure wa wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda idan aka shuka su, wato aka raine su, a farantin abinci da ke da maganin, waɗanda suka karɓi filasmid ne kawai za su tsiro.

Hanya ta biyu ta fi wuya amma ta fi aminci, wato a dasa umarnin cikin kuromosom ɗin bakteriyar kanta, babban zaren DNA da ke ɗauke da gadonta. Ga bakteriya irin su Pseudomonas da Salmonella ana yawan amfani da tsarin Tn7, wanda ke sauka a wuri guda sananne kusa da umarnin glmS ba tare da ya lalata komai ba, ga dangin ƙwayar tarin fuka kuma akwai filasmid da ke shiga kuromosom ta hanyar da aka aro daga wani bairos mai suna L5. Kwafi ɗaya ne kawai a kowace ƙwaya, saboda haka hasken ya fi rauni, amma alamar ba ta ɓacewa ko da an daina zuba magani. Wannan yana da muhimmanci a gwajin dabba, domin a cikin jikin ɓera ko kaza babu farantin magani da zai tilasta wa bakteriya riƙe filasmid, kuma bayan kwanaki kaɗan wani kaso daga cikinsu zai yar da shi ya koma duhu alhali yana nan da ransa yana ta hayayyafa.

Me ya bambanta wannan da rinin da ake yi wa majinar masu tari a asibiti?

Wannan tambaya tana fitowa ne daga waɗanda suka yi aiki a ɗakin gwajin tarin fuka, inda ake rina majina da sinadarin oramin a duba ta da madubin ganin ƙananan halittu mai fitilar LED, hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a rungume ta a 2011. A ido abin yana kama, sanduna masu haske a kan duhu, amma aikin ba ɗaya ba ne. Oramin rini ne da ake zubawa daga waje a kan majinar da aka busar aka gasa a kan gilashi, saboda haka hoto ne na lokaci guda da ba zai sake motsi ba. Furotin mai ƙyalli kuwa daga cikin ƙwaya mai rai yake fitowa, ana iya bin ƙwaya guda na sa'o'i ko kwanaki ana kallon yadda take rabuwa, da inda take shiga, da abin da ke faruwa da ita idan magani ya iso. Rini yana aiki a kan duk ƙwayar da majiyyaci ya zo da ita, alamar furotin kuwa sai a kan ƙwayar da aka riga aka sarrafa a ɗakin bincike.

Alamar tana nuna inda ƙwayar take ne kawai, ko tana iya nuna abin da take yi?

Tana iya yin duka biyun, kuma abin ya danganta da makunnin da aka haɗa ta da shi. Kowane umarnin gado yana da wani ɗan yanki na DNA a gabansa da ke kunna shi ko kashe shi. Idan aka sa umarnin GFP a bayan makunnin da kullum a kunne yake, ƙwayar za ta riƙa haske a ko'ina take, wannan kuwa alamar wuri ce kawai. Idan aka sa shi a bayan makunnin wani umarni da ake son nazari, misali wanda ke ƙera dafi ko wanda ke taimaka wa ƙwaya jure wa tsami, to hasken ba zai bayyana ba sai lokacin da ƙwayar ta kunna wannan umarni. Kamar a haɗa ƙwan fitila ne da makunnin injin niƙa, wanda ke waje ba ya ganin injin, amma da ya ga fitila ta kama ya san an tayar da shi.

Da wannan dabara ce Raphael Valdivia da Stanley Falkow na Jami'ar Stanford suka yi wani aiki da ya yi suna a 1997. Sun yanka DNA ɗin Salmonella gunduwa-gunduwa, suka ɗora kowace gunduwa a gaban umarnin GFP, suka bar fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye baƙi, waɗanda ake kira makrofaj, suka haɗiye bakteriyar. Daga nan suka yi amfani da na'urar da ke tantance ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya gwargwadon haskensu, suka ware waɗanda ke haske a cikin makrofaj amma suke duhu a cikin ruwan shuka, wato ruwan abincin da ake rainon bakteriya a ciki. Abin da ya rage a hannunsu shi ne jerin umarnin da Salmonella ke kunnawa sai ta tsinci kanta a cikin jikin mai rai, kuma da yawa daga cikinsu suna da hannu a yadda take haddasa cuta.

Akwai hanya ta uku, wato a liƙa furotin mai ƙyalli a jikin wani furotin na bakteriyar, a ga inda yake zama a cikin ƙwayar. Da haka aka kalli furotin FtsZ a ƙwaya mai rai a 1996 yana yin zobe a tsakiyarta daidai inda za ta rabu biyu.

Wane abu aka gano da wannan hanya wanda da ba a sani ba?

Misali mafi ƙarfi ya shafi tarin fuka, cutar da Najeriya ke cikin ƙasashen da suka fi fama da ita a duniya. An daɗe ana koyar da cewa ƙullutun da garkuwar jiki ke ginawa kewaye da ƙwayar tarin fuka, wanda likitoci ke kira giranuloma, katanga ce da ke tsare cutar wuri guda. Lalita Ramakrishnan da abokan aikinta a Jami'ar Washington da ke Seattle sun ɗauki wata 'yar'uwar ƙwayar mai suna Mycobacterium marinum, wadda ke kama kifi, suka sa mata alama mai ƙyalli, suka sanya ta cikin jariran wani ɗan kifi mai zane-zane wanda jikinsa garau yake ana ganin cikinsa. A 2009 suka wallafa cewa a farkon kamuwa ƙullutun yana taimakon ƙwayar cutar ne: sababbin makrofaj suna ta tururuwa zuwa wurin, suna cinye waɗanda suka mutu tare da bakteriyar da ke cikinsu, su ma su kamu, wasunsu kuma su fice su kafa sabon ƙullutu a wani sashen jiki. Babu yadda za a ga wannan zirga-zirga a yankan naman da aka rina, domin motsi ne, sai an kalle shi yana faruwa.

Misali na biyu ya shafi tambayar da ke damun duk wanda ya taɓa ganin zazzaɓin taifot ya dawo bayan an gama shan magani. Sophie Helaine da David Holden na Kwalejin Imperial da ke Landan sun cika Salmonella, dangin ƙwayar da ke haddasa taifot, da furotin mai ƙyalli sannan suka kashe makunnin, ta yadda duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu haskenta zai ragu da rabi. Wadda ke hayayyafa sai ta dusashe, wadda ta tsaya cik sai ta ci gaba da haske. A 2014 suka nuna cewa shigar Salmonella cikin makrofaj tana sa wani kaso daga cikinsu ya daina rabuwa ba tare da ya mutu ba, kuma irin waɗannan ne maganin kashe ƙwayoyin cuta ke wucewa ta kansu, daga baya wasu su farfaɗo. Waɗannan ƙwayoyi ba su da wani sauyin gado na bijire wa magani, lafewa kawai suka yi, kuma gwajin da aka saba yi a faranti zai ce maganin yana kashe su.

A Lausanne ta ƙasar Siwizalan, ɗakin binciken John McKinney ya liƙa jan furotin a jikin KatG, sinadarin da ke tayar da maganin tarin fuka mai suna isoniyazid a cikin ƙwayar, aka ga a 2013 cewa Mycobacterium smegmatis, wata 'yar'uwar ƙwayar tarin fuka mai ƙarancin haɗari, ba ta ƙera shi a kai a kai, tana fitar da shi ne jefi-jefi, kuma wannan yana da alaƙa da wace ƙwaya ce za ta mutu wace ce za ta tsira. Darasin da ke cikin ayyukan nan biyu na ƙarshe guda ne: bakteriyar da suka fito daga uwa ɗaya, masu gado iri ɗaya, ba sa yin abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma duk gwajin da ke auna miliyoyinsu a dunƙule yana ɓoye 'yan tsirarun da su ne ke hana cuta warkewa.

Idan ƙwaya tana haske, tana da rai ke nan?

A'a, kuma a nan ne sabon shiga ya fi yin kuskure. GFP furotin ne mai taurin rai, gangar da ke kewaye da cibiyarsa tana kare shi daga sinadaran da ke narkar da furotin, saboda haka yana iya wuce yini guda a cikin ƙwaya bai lalace ba. Bakteriyar da magani ya kashe da safe tana iya ci gaba da haske har yamma matuƙar fatarta ba ta fashe ba. Haka ma a alamar da ke bin makunni, hasken da ake gani yanzu yana iya zama na umarnin da aka kunna sa'o'i da suka wuce aka riga aka kashe. Domin rage wannan matsala ne wasu masu bincike a ƙasar Denmak suka ƙera nau'o'in GFP masu gajeren kwana a 1998, ta hanyar ƙara musu wata 'yar wutsiya da ke sa ƙwayar ta narkar da su da wuri, wasu cikin abin da bai kai awa guda ba. Haskensu ya fi rauni, amma ya fi kusa da gaskiyar abin da ke faruwa a lokacin.

Mai aiki da hankali ba ya dogara da haske kaɗai wajen cewa ƙwaya tana raye. Yana haɗawa da ƙidayar tsiro a faranti, ko ya yi amfani da alama biyu, ja da ke kunne kullum da kore da ba ya bayyana sai an zuba wani sinadari mai tayar da shi. Ƙwayar da ta amsa ta yi kore bayan an zuba sinadarin ta nuna cewa har yanzu tana iya ƙera sabon furotin, wadda ta tsaya a ja kawai kuwa akwai alamar tambaya a kanta.

To idan ba ta haske fa, ta mutu ne ko ba ta nan?

Shi ma ba lallai ba ne. Dalili na farko shi ne oksijin da aka ambata. A cikin hanji, da tsakiyar maruru, da can ƙasan yauƙin da bakteriya ke shimfiɗawa a kan robar fitsari ko a cikin tsohon gyambo, oksijin ya yi ƙaranci, saboda haka ƙwaya tana iya ƙera furotin ɗin ya zauna bai nuna ba. Ga bakteriyar da oksijin ke kashewa, irin su dangin Clostridium da ke haddasa sandarewar haƙora da harbin daji a shanu, GFP ba ya aiki yadda ya kamata, shi ya sa tun daga 2007 aka fara samar da wasu furotin masu dogaro da sinadarin filabin, waɗanda ba sa buƙatar oksijin ko da yake haskensu bai kai na GFP ba.

Dalili na biyu shi ne tsami. Hasken GFP da aka fi amfani da shi yana raguwa da rabi idan ma'aunin pH ya sauka zuwa wajen 6, kuma aljihun da makrofaj ke jefa bakteriya a ciki yana iya yin tsami fiye da haka. Na uku shi ne yar da filasmid. Na huɗu shi ne dusashewa saboda yawan haskawa, domin duk daƙiƙar da aka bar fitilar madubi a kan gilashi ana ƙona wani kaso na furotin ɗin, kuma ɗalibin da ya daɗe yana neman wuri mai kyau kafin ya ɗauki hoto zai tarar wurin ya riga ya dusashe. Hanyar shirya gilashi ma tana da tasiri: fomalin mai sauƙi yana barin hasken, amma gasawa a kan wuta da wankewa da barasa mai asid, kamar yadda ake yi a rinin Ziehl-Neelsen, suna lalata shi.

Akwai kuma akasin haka, wato hasken da ba na alamar ba. Naman jiki da ruwan shuka da ita kanta bakteriyar suna da ɗan ƙyallinsu na asali, galibi a ɓangaren kore, kuma Pseudomonas aeruginosa tana fitar da wani sinadari nata mai ƙyallin kore-rawaya. Saboda haka duk hoton da ba a ɗauki takwaransa na bakteriya mara alama ba, da madubi ɗaya da tsawon haskawa ɗaya, bai isa hujja ba komai kyansa.

Wane launi ya fi dacewa, kore ko ja?

Jan furotin na farko, DsRed, masu bincike a Mosko ne suka samo shi daga murjanin teku a 1999, amma yana dunƙulewa huɗu-huɗu kuma yana jinkirin nuna. Ɗakin binciken Tsien ya gyara shi har aka samu mCherry a 2004, wanda ake haskawa da haske na nanomita 587 (ma'aunin da ke bambanta launukan haske) ya mayar da na 610, alhali ingantaccen GFP ana haska shi da 488 ya mayar da wajen 507. GFP ya fi haske, kuma kusan kowane madubin ƙyalli yana da matacin hasken da ya dace da shi. Shi kuwa mCherry ya fi jure tsami, jan haske ya fi ratsa nama, kuma ƙyallin asali na jiki bai cika damunsa ba. Ga aikin da ya shafi bakteriya a cikin makrofaj ko cikin nama, ja ne zaɓin da ya fi hankali, ga auna makunni a ruwan shuka kuwa kore ya wadatar.

Wani abu da ake mantawa shi ne kowace bakteriya tana da salon da ta fi so a rubuta mata umarni. DNA ɗin ƙwayar tarin fuka yana da haruffan G da C kusan kashi 65 cikin 100, na Staphylococcus aureus kuwa kusan kashi 33, don haka filasmid da ya yi haske sosai a E. coli yana iya yin shiru a ɗayansu har sai an sake rubuta umarnin da salon da ya dace, an kuma sa makunnin da ƙwayar ta gane.

Shin alamar ba ta sauya halin ƙwayar cutar?

Tana iya sauyawa. Ƙera furotin da ba shi da amfani ga ƙwaya nauyi ne a kanta, kuma an sha nuna cewa Salmonella da aka ɗora wa filasmid mai kwafi da yawa tana raguwa a ƙarfin kutsawa cikin ƙwayoyin jiki. Idan kuma liƙa shi aka yi a jikin wani furotin, girmansa yana iya hana wancan aiki ko ya kai shi inda ba nan yake zama ba. Maganin abin shi ne a gwada mai alama da mara alama kafaɗa da kafaɗa, a saurin tsiro, da jure magani, da ƙarfin haddasa cuta, kafin a gina wani sakamako a kansu. Mafi hasken nau'i ba shi ne mafi kyau ba, wanda ake nema shi ne mafi ƙarancin hasken da na'urar da ke hannu za ta iya gani ba tare da shakka ba.

Za a iya gano cutar majiyyaci da wannan hanya?

Kai tsaye ba za a iya ba, tunda ƙwayar da ke jikin majiyyaci ba ta da alamar. An dai gwada wata dabara ta kewaye: a ɗora umarnin GFP a kan bairos mai kama ƙwayar tarin fuka kaɗai, a zuba shi a kan samfurin, idan akwai ƙwaya mai rai sai ta yi kore, idan kuma aka sa maganin tarin fuka mai suna rifamfisin ta ci gaba da yin kore to ta bijire wa maganin. An bayyana irin wannan bairos a 2009, amma har yanzu aikin bincike ne. Abin da asibitocinmu ke dogaro da shi shi ne duban majina, da na'urar GeneXpert wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, da kuma shuka.

Ina bambancinsa da bakteriyar da ke haske da kanta a cikin duhu?

Wannan wani tsari ne dabam da ake kira lusifares, inda sinadarai ke haɗuwa su haifar da haske ba tare da an haska komai ba. Tun a 1995 aka bi sawun Salmonella mai irin wannan alama a cikin ɓera mai rai daga waje da kyamara mai ƙarfi. Tana da amfani wajen ganin yaɗuwar cuta a dabba gaba ɗayanta, kuma da yake hasken yana cin kuzarin ƙwayar, yana mutuwa da wuri idan ta mutu. Rauninta shi ne haskenta kaɗan ne, da wuya a ga ƙwaya guda da ita a madubi.

Akwai haɗari? Me doka ta ce a Najeriya?

Furotin ɗin kansa ba dafi ba ne, haɗarin yana ga ƙwayar da ke ɗauke da shi da kuma umarnin jure magani da ke tafiya tare da shi. Ba daidai ba ne a sanya wa ƙwayar cuta juriya ga maganin da likitoci ke warkar da cutarta da shi, shi ya sa a aikin dangin tarin fuka ake son haigiromaisin, wanda ba a ba mutane. Ƙwayar tarin fuka ta mutum da ta shanu, da Brucella mai haddasa bakkale da ɓarin ciki a shanu, duk sai a ɗakin gwaji mai matakin tsaro na 3 ake shuka su, kuma Brucella tana cikin cututtukan da suka fi kama ma'aikatan ɗakin gwaji a duniya. Sanya musu alama ba ya rage wannan ko kaɗan.

Ta fuskar doka, bakteriyar da aka sa wa GFP halitta ce da aka sauya wa gado. Najeriya tana cikin Yarjejeniyar Cartagena kan halittun da aka sauya wa gado, kuma a 2015 ta kafa hukumar kula da tsaron halittu ta ƙasa, NBMA, mai hedikwata a Abuja, wadda aka yi wa dokarta gyara a 2019, ita ce ke kula da irin wannan aiki har da wanda ake yi a killace cikin ɗakin gwaji. Matakin farko ga ɗalibi ko malami shi ne kwamitin kula da tsaron halittu na jami'arsa ko cibiyarsa, kafin ya yi odar filasmid, ba bayan ya iso ba. Duk faranti da ruwan shuka kuma sai sun bi ta tukunyar tururi mai matsi, a zafin digiri 121, kafin a zubar.

Ɗakin gwaji a Jos zai iya wannan aiki kuwa?

Zai iya wani sashe mai yawa daga cikinsa, muddin an zaɓi tambayar da ta yi daidai da kayan da ke hannu. Yankin yana da abin da wurare da yawa ba su da shi: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tun 1924, da Jami'ar Jos da asibitin koyarwarta, da makiyaya da masu kiwon kaji waɗanda matsalolinsu na Salmonella da ciwon hantsa a shanu tambayoyi ne na gaske. Madubin konfokal, wanda ke yanka hoto hawa-hawa, yana da tsadar saye da tsadar gyara, kuma bai kamata rashinsa ya hana farawa ba. Madubin ƙyalli mai fitilar LED da matacin da ya dace, da kyamara, da manhajar ImageJ wadda kyauta ce, sun isa a ƙidaya bakteriya a cikin ƙwayoyin jiki ko a bi girman yauƙi a kan gilashi. Filasmid da yawa ana samunsu daga ma'ajiyar Addgene da ke Amurka bayan cibiyoyi sun sa hannu a takardar yarjejeniya.

A fara da nau'o'in da haɗarinsu kaɗan ne, kamar E. coli ta ɗakin gwaji, da Mycobacterium smegmatis wadda ke tsiro cikin kwana 3 alhali ta tarin fuka tana ɗaukar mako 3 zuwa 4. Abin da ya fi karya irin wannan aiki a nan ba madubi ba ne, wutar lantarki ce. Ana ajiye nau'o'in a giliserol cikin firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kuma duk narkewa da sake daskarewa yana kashe wani kaso, don haka a raba ajiya gida biyu a gine-gine dabam, a kuma adana filasmid ɗin kansa a matsayin DNA, wanda ya fi ƙwaya mai rai jure wahala.

Za a iya amfani da shi wajen gwada magungunan da ake haɗawa daga tsirrai?

Za a iya, kuma wannan ne fannin da zai fi jan hankalin ɗalibanmu, tunda ayyukan kammala karatu da yawa a kan ganye da saiwa da ɓawon itace ake yinsu. Tun a 1998 aka bayyana hanyar zuba ƙwayar tarin fuka mai GFP a faranti mai ramuka 96, a sa sinadarai daban-daban, na'ura ta riƙa auna haske kowace rana ba tare da an buɗe farantin ba. Ramin da haskensa bai ƙaru ba, an hana tsiro a cikinsa. Hanyar tana rage yawan taɓa ƙwaya mai haɗari, kuma tana cin samfuri kaɗan.

Sai dai ruwan tsirrai yana da tarko biyu. Koren ganye yana da nasa ƙyallin a ɓangaren ja, wasu sinadaran ɓawo da saiwa kuma suna ƙyalli a shuɗi ko kore, don haka suna iya ƙara haske a ɗauka bakteriya na tsiro. Ruwa mai duhun launi, irin na bagaruwa ko na zoɓo, yana iya shanye hasken da ke shiga da wanda ke fita, sai ramin ya yi duhu a ɗauka an kashe bakteriya alhali tana nan lafiya. Saboda haka kowane ma'auni na ruwan tsiro yana buƙatar ramin da ke da ruwan shi kaɗai babu bakteriya, da ramin da ke da bakteriya mara alama, da ramin da aka sa sanannen magani kamar rifamfisin ko sifrofuloksasin domin kwatance. Duk ramin da ya nuna alamar nasara kuma sai a ɗebi abin da ke cikinsa a shuka a farantin da babu magani, a jira a ga ko wani abu zai tsiro, domin ta haka ne kaɗai za a bambance ruwan da ya kashe ƙwayar da wanda ya dakatar da ita na ɗan lokaci.